Sawun Ƙwallon da Hamma Ya Taka

Yayana Hamajoɗa, wanda mu 'yan gida muke ce wa Hamma, ya ci kofin tanis na jiha sau huɗu. Har yau in ka shiga unguwar Luggere a Jimeta ka tambayi gidan Bafaranshe, tsofaffin unguwa za su nuna maka ƙofarmu, za ka kuma tarar da shi a kan benci da carbi a hannu, ya haura saba'in, gwiwoyi sun ƙi shi. Faransa kam bai taɓa taka ta ba. Iyakar tafiyarsa ta wannan fuska Garwa ce ta Kamaru, nan maƙwabta, ita ma kwana uku ya yi ciwon ciki ya koro shi gida. Ni ce Ummu Salma, ƙanwarsa mai bi masa. Ban taɓa riƙe raket ba, amma na yi shekara takwas ina wanke masa fararen kayan wasa, kuma duk wadda ta san yadda jar ƙasa ke kama farin yadi ta san ina da bakin magana a wannan labari.

Sunan ya same shi ne ta dalilin Baba Haman, wani tsoho da ya yi wa Faransawan kamfanin auduga aikin lambu a Garwa tun zamanin Turawa. Ya dawo Jimeta da raket biyu na katako da wani hoto da ya yanko daga mujalla. Hoton na wani zakaran Faransa ne na da can, sanye da dogon farin wando, ya ɗaga raket sama. Ba wanda ya san sunansa, har shi Baba Haman ɗin. Hamma ya ari hoton nan ya kai wa tela, ya ce irin wandon yake so. Duk zafin Yola, sauran samari na wasa da gajeren wando, shi yana fama da dogo, gumi na tsiyaya. Suka yi ta yi masa tsiya har suna ya bi shi.

Baba Haman ne ya gina filin da hannunsa a bayan wata makaranta. Ƙasar suri ake fasowa daga daji, a daka, a tankaɗe, a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, sannan a ja ganga cike da siminti a kai har ta kwanta. Layuka kuma da farar ƙasa ake ja. A irin wannan fili, duk inda ƙwallo ta faɗi sai ta bar sawu, shi ya sa dokar tsohon ba ta da tsawo: wanda ƙwallo ta faɗi a ɓangarensa shi ne alƙali. In ya ce ta fita, ta fita. In abokin wasa bai gamsu ba, sai ka zagaye sawun da bakin raket, ka ja da baya, ka kira shi ya tsallako ya gani da idonsa. Abin da ba a yi shi ne ɗora ƙafa a kan sawu. Na taɓa ganin Baba Haman ya kori ɗan wani babban sakatare daga filin saboda haka, kuma bai sake barinsa ya shigo ba.

A filin nan Hamma ya haɗu da Apollos. Iyayensa mutanen wajen Numan ne, babansa akawu, suna haya a Dubeli. Gajere ne, bahago, ga dariya ko an ci shi. Tun suna 'yan shekara goma sha huɗu ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Dadarmu, wato mahaifiyarmu, ta ware masa kwanonsa daban, in ya yi kwana biyu bai zo ba sai ta ce, "Ina Apolo, ko an yi masa laifi ne?" Da Kirsimeti kuma Hamma a gidansu yake cika ciki da shinkafa, babar Apollos ma takan aika kaza a yanka a gidanmu don ya ci hankali kwance. In wasan bibbiyu ne suna tare, ba mai iya musu. In na ɗaiɗai ne, su biyun ne ke haɗuwa a ƙarshe, yau wannan ya ci gobe wancan.

A watan Afrilu na 1986 aka yi gasar da ta raba su. Lokacin sunan jihar Gongola. An ce wanda ya ci kofi za a tura shi kwas, ya dawo a ba shi aikin koyar da wasa a ma'aikata. Gurbi ɗaya ne. Hamma na da mata da tsohon ciki, ba shi da aikin fari balle na baƙi, Baffanmu, mahaifinmu ke nan, kuma kullum maganarsa ɗaya, wai ƙato da gemu yana bin ƙwallo mai gashi. Ba don in wanke shi na faɗi wannan ba, don ku san halin da yake ciki ne.

Baba Haman ya rasu shekara guda kafin nan, amma dokarsa na nan. An dai zaunar da wani malamin makaranta a kan doguwar kujera yana ƙirga maki, maganar layi kuwa ta 'yan wasa ce. Sun yi wajen awa uku suna bugawa. Ni ina zaune a kan benci a kusurwar ɓangaren Hamma, da kular ruwa a gabana. Ya rage wa Apollos maki ɗaya ya ɗauki kofi. Ya buga wata doguwa da hagun nan nasa, ta nufo daidai kusurwar da nake. Ta ci gefen layi. Na ga farar ƙasa ta ɗan tashi, na ga sawun, rabi a kan fari rabi a kan ja. Ƙwallon da ta taɓa layi ko da gefe ne tana ciki, wannan ko ni mai wanki na sani.

Hamma ya ɗaga yatsa. Wato ta fita.

Apollos ya tsaya a can bayan raga yana haki, ya ce, "Hamma, ya fita ne?"

Hamma ya taka zai ɗauko ƙwallon, ya ja ƙafarsa ta dama a ƙasa kamar mai gajiya. Da ya wuce, babu sawu. Ya ce, "Ta fita."

Apollos ya ɗaga raket ya ce, "To, shi ke nan," ya koma inda zai tsaya. Bai nemi ya tsallako ba. Bayan minti ashirin Hamma ya ci wasa, Apollos ya tsallake raga ya rungume shi, 'yan kallo suna ta ihun Bafaranshe. Ni kuwa da na miƙa masa ruwa bai iya kallon idona ba, ni ma ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Washegari na same shi a bayan gida, na ce, "Hamma, na gani."

Ya ce, "Shi ma ya gani, Salma. Duk mai wasa ya san inda ƙwallonsa ta faɗi. Ya ƙi tsallakowa ne don kada ya kunyata ni a gaban mutane."

Na ce to ya je ya same shi. Ya ce zai je, bari a gama hayaniyar kofi.

Daga nan ya fara gudunsa. In ya ji Apollos na fili da yamma, sai ya je da safe. Ya tafi kwas wata shida, kafin ya dawo Apollos ya sami aikin koyarwa a wata sakandare a Mubi. Ya aiko da katin aurensa da wata yarinya, Keturah, har ya rubuta da biro a ƙasa cewa Hamma ne babban aboki. Hamma ya ƙirƙiro tafiya Kaduna. Wasiƙu suka yi ta zuwa, yana karantawa yana sa wa a ƙarƙashin katifa. Sau biyu Apollos ya zo har gida. Na biyun ni aka tura in ce ba ya nan, alhali takalmansa na ƙofar ɗaki. Apollos ya kalli takalman, ya yi murmushi, ya ce, "Salma, in ya dawo ki gaishe shi." Ya shiga ya gaida Dada, ya ci abinci a kwanonsa, ya tafi. Ranar na zazzaga wa Hamma abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, na ce daga yau ya nemi wata 'yar aiken.

Abin takaici, daga wannan shekara babu ɗan wasan da ya kai Hamma gaskiya a kan layi. Ko ƙwallo ta fita da taƙi guda, in abokin wasa ya ɗan ɗaga gira, sai ya ce a ba shi makin. Ya ƙara cin kofi uku, tunda bahagon da ke tare masa hanya ba ya nan. Ya koyar da 'yan wasa sun fi ɗari, ya gina gidan nan na Luggere har da ɗakuna uku a baya. A taron sallamarsa daga aiki wani darakta ya tashi ya ce a tarihin wasanni na jihar nan ba a yi mai amana kamar Bafaranshe ba. Aka yi tafi, ni kuwa na yi tsaki har matar da ke kusa da ni ta waiwayo.

Kada ku ce abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Kowane azumi sai ya ce mini, "Bayan Sallah zan je Mubi." Mubin da mota ke zuwa ta dawo a yini guda. Da wayar hannu ta zo ya nemo lambar Apollos ya adana, ya ce irin wannan magana ba a yin ta a waya. Da zai tafi Hajji ya zagaya dangi da maƙwabta yana neman gafara, har da mai shagon da suka taɓa cacar baki a kan kwata, amma bai je Mubi ba. Ya dawo ya tsayar da gemu, ya ajiye farin wando, ya zama Alhaji. Ni dai na san yana tsoro ne. Yana tsoron ya buɗe baki Apollos ya ce, ai na sani.

A damina ta 2014 hare-haren da muke ji a rediyo suka matso. Madagali ta tafi, Michika ta bi. Mutane suka fara shigowa Jimeta a kan motocin itace da ƙafafu a kumbure. Na ce, "Hamma, kira mutumin nan ka ce su taho, ga ɗakuna a rufe sai ƙadangaru." Ya ɗauki wayar, ya duba, ya ajiye. Ya ce Mubi babban gari ne, akwai sojoji, kuma bayan shekara ashirin da takwas da wane baki zai fara. Ya ce bari ya shirya maganar tukuna.

Ƙarshen Oktoba, ranar wata Laraba, aka ce Mubi ta faɗi. Ranar ya kira. Ya kira ya fi sau talatin, wayar ba ta shiga.

Kafin mako ya zagayo gidanmu ya cika da mutum talatin da wani abu, dangin matar maƙwabcinmu da waɗanda suka biyo su, yawancinsu ba mu taɓa ganinsu ba. Haka kusan kowane gida yake a unguwar. Hamma ya buɗe ɗakunan baya, ya bar mana hidimar tukunya, shi kuma kullum da safe ya hau Keke Napep da wani tsohon hoto na su biyu riƙe da raket. Ya bi tashoshin mota, ya bi makarantun da aka zuba mutane, ya shiga harabar coci-coci yana nuna hoton samari biyu ga mutanen da ke neman 'ya'yansu. Wa zai gane tsoho daga hoton shekara talatin? Sai a mako na uku wani malami da suka yi aiki tare da Apollos ya ce matarsa na Demsawo, a ɗakin 'yarsu Hadassah mai aikin jinya. Da Hamma ya tambayi shi Apollos ɗin, malamin ya ce gara dai ya je ya ji daga bakinta.

Tare muka je, bayan la'asar. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, mutum tara a ciki. Keturah na zaune a kan tabarma da baƙin ɗankwali, ƙafafunta duk tsaga. Ban taɓa ganinta ba sai ranar, amma muna yin sallama ta ce, "Alhaji Hamajoɗa ne. Hotonka yana falon mu. Ke kuma Adda Salma." Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma.

Muka yi mata gaisuwa. Ta ba mu labari ba tare da ta yi kuka ba. Da harbi ya tashi sun fita a ƙafa da jikoki biyu, suka nufi duwatsu. Gwiwar Apollos ta daɗe da lalacewa, tun lokacin wasa. Sun yi yini guda, a na biyu ya zauna a gindin wata tsamiya ya ce ta wuce da yaran, zai huta ya biyo su. Maƙwabcinsu da ya biyo hanyar bayan kwana biyu shi ya gan shi. An harbe shi a inda yake zaune. Shi da wasu mutum biyu suka tona rami da itace suka rufe shi.

Hamma ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Maman Hadassah, ya taɓa yi miki maganata?"

"Kullum," in ji ta. "Yaran makaranta ma sun san sunanka. Yana ce musu a Yola akwai Bafaranshe, ba a taɓa yin ɗan wasa irin shi ba. Abu ɗaya ne yake damun shi. Yana ce mini, Keturah, me na yi wa Hamma? Ya yi tunani ya yi tunani bai samu ba. Da muka ji ka je Makka ka bar gemu, sai ya ce to, ƙila an gaya maka ne ka daina zama da Kirista. Ya ce in haka ne ba komai, kowa da addinin shi, ba zai riƙe ka ba."

Hamma ya ɗago da sauri. "Wallahi ba haka ba ne. Wallahi tallahi. Ƙwallon ce. Ƙwallon nan tana ciki."

Keturah ta dube shi, ta dube ni. "Wane bol?"

"Ta wasan ƙarshe. Ta shekarar tamanin da shida. Bai gaya miki ba?"

"Ya ce ka ci shi, ya ce ranar ka fi shi ƙarfi. Bai taɓa maganar wani bol ba."

Sai ga yayana, Alhaji mai furfura, yana zana layi da yatsa a kan simintin baranda, yana nuna wa matar da aka kashe wa miji inda ƙwallo ta faɗi da yadda ya ja ƙafa. Ya ce kofin na Apollos ne, aikin na Apollos ne, ya ce ya ɗauka Apollos ya gani ya yi shiru, shi ya sa ya kasa haɗa ido da shi. Na ce ni ma na gani, ina wurin. A rayuwata ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan yammacin ba.

Keturah ta saurara har ya gama. Ta ce, "Bai gani ba, Alhaji. In da ya gani da ya gaya mini, ba ya ɓoye mini abu. Kai ka ce ya fita, shi kuma ya yarda. In kai ne ka faɗa, ba ya dubawa."

Hamma ya ce, "Ki yafe mini."

"Kofi da aiki, wannan na yafe. Mun ci mun sha a Mubi, ba mu rasa komai ba. Sauran ba nawa ba ne, mai shi yana gindin tsamiya." Ta gyara ɗankwalinta. Na ɗauka ta gama, har na fara neman takalmina, sai ta ci gaba.

"Da Michika ya faɗi, na ce mishi mu tafi Yola ko na wata ɗaya ne, mu ga yadda abin zai yi. Ya ce ɗakin Hadassah ba zai ɗauke mu da yara ba. Na ce ai kana da aboki a Luggere, an ce gidan shi babba ne, ka kira shi mana. Yana da lambarka, Alhaji, ya daɗe da shi. Ya riƙe wayan yana dubawa. Sai ya ce a'a. Ya ce yadda gari ya lalace yanzu, in Kirista ya je ya sauka a gidan Hamma, zai sa shi jin kunya a gaban mutanen shi. Ya ce ba zai yi maka haka ba. Shi ya sa muka zauna."